A Kai Tallafi Ƙofar Gida: Yara Masu Buƙata ta Musamman a Ƙasar Bagudo

A mazaɓu goma sha ɗaya na Ƙaramar Hukumar Bagudo, tun daga Zagga da Bahindi har a ƙetare Kogin Kwara zuwa Illo da Lolo da Tsamiya da Kaoje, akwai yaran da sunansu bai shiga rajistar kowace makaranta ba, kuma babu wani asibiti da ke bibiyar lafiyarsu. Akwai wanda ya kai shekara huɗu bai zauna da kansa ba, akwai wanda zazzaɓi ya tafi da jinsa, akwai mai farfaɗiya da aka hana shi wasa da tsaransa, akwai kuma wanda ya girma bai iya magana ba, ba ya jure hayaniya, ba ya kallon idon mutane. Mai ɗauke da nauyin irin wannan yaro dare da rana uwarsa ce, ko kakarsa, ko yayarsa da aka cire daga makaranta don ta zauna da shi. Ra'ayina shi ne duk wani tallafi da za a ce an yi wa waɗannan yara, in bai faro daga wannan mata da ke riƙe da su ba, kuma bai iso mazaɓar da take zaune ba, to kaɗan ne daga cikinsu za su san an yi shi. Abin da ya kamata hukuma da al'umma su fara ginawa shi ne zama na kai a kai na iyayen waɗannan yara a asibitin kowace mazaɓa, da ma'aikaci horarre, da rajista, da magani.

Yawansu ya wuce yadda ake zato. Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta a 2021 cewa kusan yara miliyan 240 ne ke da nakasa a duniya, wato ɗaya cikin goma. Ƙidayar 2006 ta ba Bagudo mutum sama da dubu 230, kuma jama'a ta ƙaru ƙwarai tun daga lokacin, galibinsu yara. Ko da mutum ya raba ƙiyasin UNICEF biyu ya ɗauki rabi, lissafin yana kai shi ga dubbai. Dalilan ma ba ɓoyayyu ba ne ga duk ma'aikacin lafiyar da ya yi aiki a karkarar Arewa. Doguwar naƙuda a gida tana hana jariri iska har ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni. Shawarar jarirai, in an tsaya ana ba da jiƙe-jiƙe ana jiran ta wuce, tana barin yaro da sanƙarewar gaɓoɓi da kurumta. Zazzaɓin cizon sauro mai kai wa ga suma yana yin irin wannan ɓarna, haka ƙyanda da tamowa. Sai sanƙarau, wanda ya kama mutum sama da dubu 100 a Najeriya a annobar 1996, ya kuma sake ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero a farkon 2025. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi daga sanƙarau na iya zama da wata lalura ta dindindin. Idan annoba ta lafa ana ƙirga waɗanda suka rasu, a rufe littafi. Yaron da ya rayu ya kurumce, shi kuwa lissafinsa ya koma wuyan uwarsa.

Ba doka aka rasa ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ba masu lalurar ƙwaƙwalwa magani kyauta a asibitocin gwamnati, ta hana a yi bara da mai nakasa, ta kuma ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa. Duk wannan ci gaba ne, kuma waɗanda suka yi shekaru suna fafutukarsa sun cancanci yabo. Sai dai dokar ta fi magana da wanda ya riga ya iso ƙofar ofis ko makaranta ko asibiti. Yaron ƙauyen da ke bayan Kaoje bai iso kowace ƙofa ba.

Mu auna tafiyar da ke gaban uwar da ke Lolo idan aka ce ta kai ɗanta gashin ƙashi. Ƙwararrun wannan fanni suna manyan asibitoci ne, a Asibitin Tunawa da Sa Yahaya ko asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi, ko na Kalgo, in abin ya yi tsanani a tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Za ta goya yaro ɗan shekara shida wanda ba ya riƙe wuyansa, ta hau babur, ta shiga mota, ta ƙetare gadar Tuga, ta yi tafiyar sa'o'i, ta biya kuɗin mota nata da na ɗan rakiya, ta nemi wurin kwana, ta bar sauran 'ya'ya da girki a hannun maƙwabta. Gashin ƙashi kuwa ba allura ba ce da za a yi sau ɗaya a gama, aiki ne na kullum tsawon shekaru. Ta je sau ɗaya, ta je sau biyu, kuɗi ya ƙare, ba ta ga yaro ya tashi ya yi tafiya ba, sai ta haƙura. Daga nan sai a ce iyayen karkara ba su damu da asibiti ba. Wannan hukunci zalunci ne. An tsara hidimar ne a kan ƙarfin mazaunin birni mai albashi, aka ce manomin shinkafa na bakin iyaka ya yi ta maza ya cim mata. Rashin tsaro da ya addabi yankin iyaka a 'yan shekarun nan ya ƙara wa tafiyar nauyi.

Amsar da aka saba bayarwa iri biyu ce. Ta farko makarantar musamman ta kwana a babban birnin jiha, kamar wadda ke Birnin Kebbi, ko ta A. A. Raji a Sakkwato, ko ta Tudun Maliki a Kano. Waɗannan makarantu sun yaye makafi da kurame da suka zama malamai da ma'aikata, kuma babu mai hankalin da zai ce a rufe su. Amma makarantar kwana tana karɓar yaron da ya kai shekarun karatu, mai iya ci da kansa da kama ruwa da kansa. Wanda lalurarsa ta fi tsanani, wanda iyayensa suka fi kowa buƙatar taimako, shi ne wanda ba ta da wurinsa. Kuma kafin yaro ya kai shekara bakwai, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar koyo ya riga ya yi nisa. Amsa ta biyu ita ce rabon kaya a bainar jama'a: kekunan guragu, buhunan shinkafa, ambulan ɗin kuɗi, a ɗauki hoto a watse. Niyyar masu yi tana iya zama kyakkyawa, amma tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa keken guragu sai an auna mai shi, an daidaita masa, an koya masa amfani da shi, an kuma tanadi gyara. Keken babba da aka ɗora yaro a kai yana karkatar masa da ƙashin baya, yana jawo masa gyambo, kuma siraran tayoyinsa ba sa tafiya a cikin yashi. Bayan 'yan watanni sai a sami keken a jingine a bayan ɗaki.

Zaman iyaye da nake kira a kafa abu ne mai sauƙin fasali. Sau ɗaya ko biyu a wata, iyaye mata goma ko sha biyar su haɗu da 'ya'yansu a asibitin mazaɓa, ma'aikaciyar lafiya da aka horar ta jagorance su. A nan uwa za ta koyi yadda ake zaunar da yaron da gaɓoɓinsa suka sanƙare kafin a ba shi abinci, da yadda ake kaurara masa kunu don kada ya shaƙe, domin ɗura da ake yi wa irin waɗannan yara a kwance tana tura abinci cikin huhu, kuma ciwon huhu da yunwa su ne ke kashe da yawansu. Za ta koyi juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, da miƙe masa hannu da ƙafa kullum don kada su naɗe, da yi masa magana da wasa da shi ko da ba ya amsawa. Kafintan gari zai iya ƙera kujerar da ta dace da jikin yaron da katako da tsumma. A auna nauyin yaro, a duba katin rigakafinsa, a rubuta wanda ke buƙatar a tura shi gaba. An gwada wannan hanya a wurare masu kama da namu. Makarantar nazarin lafiyar jama'a ta Landan ta tsara shirin horar da iyayen yara masu raunin ƙwaƙwalwa rukuni-rukuni, aka yi amfani da shi a Bangaladash da Ghana, aka kuma faɗaɗa shi ga jarirai a Uganda, kuma binciken Ghana ya nuna rayuwar masu rainon ta inganta, fahimtarsu ga lalurar ta ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da nata shirin na koyar da iyayen yara masu jinkirin magana da fahimta, wanda aka gwada a Habasha da Kenya, kuma an tsara shi ne musamman don waɗanda ba likitoci ba su iya koyar da shi. Akwai wata fa'ida kuma da ba ta shiga ma'auni. Matar da ta yi shekaru tana jin ana raɗa cewa ɗan ruwa ta haifa, ko laifinta ne, ko an yi mata sammu, ranar da ta zauna da mata goma masu irin ɗawainiyarta za ta koma gida da wata zuciya daban, kuma yaron ne zai fara cin moriyar hakan.

Farfaɗiya ta isa misali a kan yawan abin da ake asara saboda rashin ɗan ƙaramin tsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan suna shan magani yadda ya kamata, kuma maganin na cikin mafi araha, kuɗinsa na shekara guda zai iya tsayawa a dala biyar. Duk da haka kashi uku cikin huɗu na masu ita a ƙasashe matalauta ba sa samun magani. A garuruwanmu har yanzu akwai masu gudun mai farfaɗiya idan ya faɗi, don sun ɗauka yawunsa na yaɗa cutar, alhali ba ta yaɗuwa ko kaɗan. A ƙasar da ake girki da itace a tsakar gida, yara kuma suna wanka da kamun kifi a bakin Kwara, faɗuwa ɗaya a wuta ko a ruwa ta isa ta kashe yaro ko ta ƙone shi. Wahalar maganin ita ce ba a yanke shi, dole a sha kullum, kuma tsayar da shi farat ɗaya yana iya dawo da ciwon da ƙarfi. Saboda haka abin da uwa ke buƙata shi ne tabbacin cewa duk wata za ta sami maganin a asibitin da ƙafarta ke iya kaiwa. Zaman wata-wata shi ne ya fi dacewa da wannan.

Za a ce ina ma'aikatan? Tambaya ce mai nauyi, domin ƙwararrun gashin ƙashi da masu gyaran magana ba su da yawa ko a manyan birane. Amma jihohin Arewa sun riga sun nuna za su iya isa kowane gida idan an ƙudura. Yaƙi da shan inna ya samar da mata masu wayar da kai da ke shiga gida gida, suna da jerin sunayen jariran unguwarsu, suna aiki da ungozomomi da masu unguwanni da dagatai da limamai, har guragun da shan inna ta taɓa suka shiga gaba suna lallashin iyaye. Da wannan aka kai ga ranar 25 ga Agusta 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin CHIPS don a haɗa irin waɗannan ma'aikatan sa kai a inuwa ɗaya. Matar da ta san wane gida ne ya ƙi ɗigon rigakafi ta san gidan da ke da yaron da ba a fito da shi. Abin da ya rage shi ne a koya mata alamomin jinkirin girma, a ba ta shafi a rajistarta. Ƙwararre ɗaya daga Birnin Kebbi da zai riƙa zagayo duk bayan wata uku, ya duba yaran da aka tara masa, ya gyara wa ma'aikatan hannu, zai amfani yara fiye da waɗanda za su iya iso masa ofis a shekara guda. Ban ce ma'aikaciyar mazaɓa za ta maye gurbin likita ba. Yaron da aka haifa da karkatacciyar ƙafa yana buƙatar ɗaurin filasta a asibiti tun yana jariri, mai yanar ido yana buƙatar aiki, wanda ciwon noma ya ci wa fuska yana buƙatar asibitin noma na Sakkwato. Amma kafin a kai kowannensu sai wani ya gan shi da wuri ya ce a kai shi, kuma wannan mutumin ne babu a yanzu.

Za a kuma ce ina kuɗi? Akwai hanyoyin da doka ta riga ta buɗe. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ke tura kuɗi kai tsaye ga asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, yana kuma biya wa marasa ƙarfi inshora, wanda a Kebbi hukumar KECHEMA ke gudanarwa. Sanya yaran da ke cikin rajistar mazaɓa a wannan inshora shawara ce ta ofis, ba ta buƙatar sabuwar doka. Hukumar ilimin bai ɗaya ta UBEC tana ware kashi biyu cikin ɗari na asusunta don ilimin yara masu buƙata ta musamman, kuma haƙƙin mutanen Bagudo ne su tambayi takwararta ta jiha, SUBEB, nawa ne daga ciki ya taɓa ƙetare gadar Tuga. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, wanda ke nufin shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa su ne za a riƙa tambaya. Kuɗin da zaman iyaye ke ci ɗan alawus ne, da magani, da kuɗin babur na uwa, da kunun da za a dama. Bikin rabon kaya guda, da rumfunansa da ayarin motocinsa, zai iya riƙe zaman mazaɓa na watanni. Sannan ga zakka. Ƙasar Bagudo ƙasar shinkafa ce, kuma gidan da uwa ta daina sana'a saboda jinya, uba ya sayar da akuya ya sayar da gona wajen neman magani, gida ne na mabuƙata ba tare da wata jayayya ba. Kwamitin masallaci da ke da jerin irin waɗannan gidaje zai kai zakkar kaka inda ta fi amfani.

Hujjar da ta fi ratsa zuciya ita ce ta masu cewa mu ba mu yar da namu, dangi na kula da nasu, kuma abin da Allah ya ƙaddara sai haƙuri. Gaskiya ne zumunci ya riƙe yara da yawa da ba don shi ba da sun tagayyara. Gaskiya ne kuma ƙasar Hausa ta daɗe da sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, waɗanda ke sasanta mutanensu suna kai kukansu fada. Amma wannan tsari na manya ne masu iya fita su nema, kuma sau da yawa hanyar neman da aka bar musu ita ce bara. Idan aka ce dangi na kulawa, a duba da kyau za a tarar mace ɗaya ce ke yi, wani lokaci ma an sake ta saboda yaron ta koma gidan iyayenta da shi. Yarda da ƙaddara kuwa ba ta taɓa hana neman magani ba a koyarwar malamanmu. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, a kansa aka saukar da farkon Suratu Abasa, ya yi ladanci a Madina, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin sa ya kula da garin idan zai yi tafiya. Al'ummar da wannan ne tarihinta ba ta da dalilin ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki. A nan ne nauyi ya hau kan maza. Mace ba za ta fita zuwa zaman ba sai da izinin maigida, kuma maigidan da ke jin kunyar a san yana da irin wannan ɗa ba zai bari ba. Huɗubar limami ɗaya, da maganar hakimi a gaban dagatansa, da uba ɗaya mai mutunci da zai ɗauko ɗansa a kafaɗa ya kawo shi da rana tsaka, za su buɗe ƙofofin da ma'aikaciyar lafiya ba za ta iya buɗewa ba. Inda fitar ta gagara, sai ma'aikaciyar ta bi uwar gida.

Daga zaman iyaye ne hanyar makaranta za ta buɗe. Yaron da ƙafa kawai ta hana shi tafiya, ko mai farfaɗiyar da magani ya riƙe, ba abin da zai hana shi zama a firamaren garinsu da islamiyyar unguwarsu in an daidaita masa hanyar shiga aji da makewayi, aka kuma ja kunnen yara kan tsokana. Kurma kuwa yana buƙatar yaren hannu tun yana ƙarami, shi da mutanen gidansu, kuma kurame manya da ke cikin gari, musamman waɗanda suka yi makarantar Birnin Kebbi, su ne malaman da suka fi cancanta a ɗauka a biya su. A yankin da ake jin Hausa da Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci da Busanci, dole mai jagorantar zama ya kasance ɗan wurin, mai jin harshen da uwar ke tunani da shi.

Saura maganar iyaka. Wani zai ce idan aka buɗe irin wannan hidima a Lolo ko Tsamiya, mutanen Madekali da Segbana na Jamhuriyar Benin za su cika wurin. Za su zo, kamar yadda namu ke zuwa Malanbil neman magani da kasuwa. Mutanen ɓangarorin biyu dangi ne, suna auratayya, kuma ko rufe iyakar da aka yi a watan Agustan 2019 bai raba su ba. A yaƙin shan inna an gane cewa yaron da aka tsallake a ƙetare barazana ne ga na gida, shi ya sa aka riƙa yin rigakafi lokaci guda a ƙasashen biyu, ana ajiye ma'aikata a mashigai. Benin ma tana da abin da za mu koya daga gare ta: ta fara shirin gyaran nakasa a cikin al'umma tun ƙarshen shekarun 1980, tana gudanar da shi ta cibiyoyin jin daɗin jama'a da ke ƙananan hukumominta, ta kuma yi dokar kare haƙƙin masu nakasa a 2017. Jami'an lafiya na Bagudo da takwarorinsu na Malanbil da Segbana za su iya amincewa da katin yaro guda, mai ɗauke da sunan lalurarsa da maganinsa da Turanci da Faransanci, don kada magani ya yanke idan uwa ta tafi ganin gida.

Ba sai an jira mazaɓu goma sha ɗaya sun shirya ba. Shugaban ƙaramar hukuma da daraktan lafiya za su iya zaɓar biyu, ɗaya a wannan gaɓar kogi ɗaya a waccan, misali Zagga da Illo, su sa mata masu shiga gida gida su yi rajistar yaran cikin wata biyu, tare da reshen ƙungiyar masu nakasa ta JONAPWD da sarakunan makafi da guragu a cikin kwamitin. A horar da ma'aikata biyu a kowace mazaɓa, a sa ranar zama a ranar da ba ta kasuwa ba, a ajiye maganin farfaɗiya na wata shida kafin a kira taron farko. Bayan shekara a fito da rajistar a gaban kwamitin raya mazaɓa, a faɗi yara nawa aka samu, nawa suka ƙara nauyi, nawa suka daina faɗuwa, nawa suka shiga aji, nawa kuma suka rasu da dalilin rasuwarsu, sannan a yanke shawarar yadda za a kai shi sauran mazaɓu tara.